Amfilifayar Da Na Tanadar Wa Mijinki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau. Tarin nan ƙurar ma'aikata ce kawai, kada ki gaya mata.

Na sayi tsohuwar amfilifayar jita, mai ƙwayayen gilas a ciki. Guda uku na gwada. Mai shagon ya ce, "Wannan sai ta ɗau zafi take magana, kuma ba ta raga wa kowa." Na ce ita nake so.

Shekara shida mijinki yana rage min sauti a gaban jama'a don a ji waƙarsa kaɗai. Ki ce masa ina dawowa, kuma maɓallin ƙarar wannan a gefena yake. Ya tanadi maƙogwaro.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki