Tukunyar Yaya Herminia

Lima

Yaya Herminia,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar taki? Tawa dai ta ce ta gaji, shi ya sa daga wasan ƙarshe na ranar Lahadi zan ajiye horar da 'yan mata ƙwallon raga.

Na gode Allah, Yaya. Kofuna sun cika min kanta, yaran da na ɗauko daga layin unguwa suna buga wa ƙasa. Abu ɗaya ya rage min. Ke kika sai min takalmin wasa na farko da cinikin wainar kabewa, amma ba ki taɓa ganina a bakin aikina ba. Ki zo nan birnin Lima, don Allah.

Ƙanwarki,
Teófila

Chincha

Auta,

Ina gaishe ki. Gwiwa tana nan, mun saba.

Ke kam ba kya jin magana! Sau ɗaya na tsaya kallonki, lokacin da kuke ɗaura raga a titinmu kuna ɗaga ta in mota za ta wuce. Ranar kika karya yatsa, aka kuma cinye ku. Tun daga nan in kina da wasa nake kashe rediyo, in ɗora busasshen dankali da gyaɗa, in yi ta juyawa har maƙwabciyata Zoila ta ƙwala ihu ta katanga cewa kun ci. Kofunan nan da kike tinƙaho da su, rabi na tukunyata ne. Yanzu a na ƙarshe kike so in ja miki faɗuwa? Ba da ni ba.

Yayarki,
Herminia

Lima

Yaya,

Barka da war haka. An cinye mu, da ƙyar kuwa. Yaran sun sha kuka, sannan suka ɗaga ni sama kamar mu muka ci. Tsofaffin 'yan wasana sun zo har da goyonsu, zuciyata fes.

Amma ina da tambaya. Can saman 'yan kallo na hango wata tsohuwa da mayafi ruwan ɗorawa irin na marigayiya Mama, ta rufe fuska tana leƙe ta tsakanin yatsu. Kafin in hau ta ɓace. Wa ya juya tukunya ranar?

Taki,
Teófila

Chincha

Auta,

Gaisuwa. Zoila na bar wa, sakaryar ta tafi kallo ta ƙona min ita ƙurmus. Ai na faɗa miki.

Ni ban ga ƙwallo ba, ke na kalla. Na ga wata doguwa cikin yaranki ta zubar da bugu, kika riƙe fuskarta hannu biyu har ta yi dariya. Ashe wannan ne aikin naki! Na yi kuka, kuma wallahi ban yi nadamar zuwa ba. Kofi ɗayan da na ja miki asararsa, ai na ci bashinsa.

Dawo gida Chincha. Yaran layinmu sun ɗaura raga suna jiranki, ni kuma na fitar da kujerata ƙofar gida.

Yayarki,
Herminia