Tulun Inna a Maamobi

Maamobi, Akra,
Watan Maris.

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya. Ya ƙafar nan da ke damunki? Ya su Garuba da iyalinsa, da matan zumunta na Ƙafur? Mu nan lafiya lau muke, ni da surukinki da jikarki Alheri, sai godiyar Allah. Kin ce waya ba ta isar ki, kafin ki gama jin magana an katse, shi ya sa na zauna na rubuta. Garuba, kai ne mai karantawa, ka karanta mata duka, ban da tsallake.

Inna, albishirinki. Mishan da suka aiko mu sun sa lokaci. A ƙarshen Mayu za a miƙa ikkilisiyar nan ga 'yan gari, mu kuma mu tattara mu dawo gida da damina. Kin tuna yadda muka taho, ni rungume da tulun kiɗanki a cinya tun daga Katsina har Akra, kowace iyaka sai wani jami'i ya leƙa cikinsa yana neman abin da na ɓoye. Tulun da Mama Tabita ta bar miki sa'ad da aka mayar da su Zariya, ai ba zan ba wa yaran mota su ɗaura a sama ba. A lokacin ba mu san kowa ba, a falonmu muke sujada mu biyar. Yau ɗakin sujadar da muka samu ba ya ɗaukarmu sai an jera benci a waje. Yawanci 'yan arewacin Gana ne da suka girma a Zongo, wato unguwannin baƙi, sai 'yan Nijar masu albasa. Hausa ce kaɗai ta haɗa su.

Ɗakin kuwa shagon ɗinki ne na marigayi mijin Hajiya Memuna, mai gidanmu. Musulma ce da ba ta wasa da salla, wake da shinkafa take sayarwa a ƙofar gida, layin masu saye har ya karya kwana. Ranar da ta ba mu mabuɗi sharaɗi ɗaya ta kafa, wai mu yi addu'armu amma kada mu jawo mata rigima ƙofar gida. An yi mata surutu a unguwa, ta toshe kunne. In ta karɓe ɗakin nan ba mu da wani, don kafin ita mun nema har mun gaji.

Wanda zai karɓi ikkilisiyar sunansa Zakaria, haifaffen unguwar Nima, yana sayar da kayan mota a kasuwar Abossey Okai. Surukinki ya daɗe yana koyar da shi, mishan kuma suka tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba. Sanyi gare shi kamar kunun jiya, in yana wa'azi sai kin matso kusa kafin ki ji. Ga Hausarsa irin ta nan. Maame suke kirana a nan, wato mama. Shekaranjiya ya ce mini, "Maame, matana ya ce ka zo ka ci tuwo." Na yi dariya har da hawaye, surukinki ya ce in sakar masa ɗalibi ya huta.

Matar tasa, Amama, ita na koya wa kiɗan tulu, kuma hannunta ya faɗa har ta kusa kamo ni. Muna ta shirin waƙoƙin bikin miƙa ikkilisiya. Tulunki lafiya ƙalau, ko tsaga babu, zan dawo miki da shi a cinya kamar yadda na yi alkawari.

A gaida kowa da kowa. Ubangiji ya kiyaye mini ke.

'Yarki,
Rifkatu.

Maamobi, Akra,
Watan Mayu.

Innata,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Mu ma jikinmu lafiya. Ba zan yi miki kwana-kwana ba, Inna: tulunki ba ya hannuna.

Garin nan asalinsa na ƙabilar Ga ne. Duk shekara in sun yi shuka don bikinsu na Homowo, sukan hana kiɗa da hayaniya kusan wata guda. Ba ganga, ba tafi, har masallatai sukan rage lasifika. Na san da dokar, ba zan ce ban sani ba. Amma a ganina manyan majami'u masu ganguna da jita ake nufi. Tulu ai tulu ne, ƙanen randa, wa zai kira shi ganga? Shekarun baya ma mun kaɗa shi a falo ba wanda ya ji. To bana mun yi yawa, ɗaki ya yi mana kaɗan, sai muka fito ƙofar gida ranar Asabar da la'asar muna gwajin waƙa. Kin san matan zumunta in waƙa ta yi daɗi.

Ba mu ankara ba sai ga samarin Ga masu tsaron dokar da jan ƙyalle a ka. Suka tattara caki, suka nufi tulu. Amama ta rungume shi tana ce musu da yarensu na tsohuwa ne, na tsohuwa ne, suka ɓamɓare hannunta. Ni kuwa bakina bai yi shiru ba, kin san 'yarki. Mutane suka taru, masu sayen abincin Hajiya suka watse, wani ya ture mata benci. Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonmu, sannan ta kwashe tukwanenta ta shige gida ta rufe ƙofa. Da yamma ɗanta Nashiru ya zo daga Nima ya ce a shirya ba shi mabuɗi, uwarsa ta tsufa da irin wannan.

Surukinki ya ɗauki kwat zai tafi wurin 'yan sanda. Kafin ya fita ya kira babbanmu na mishan, shi kuwa ya tuna masa abin da aka koya musu tun kafin a aiko mu, cewa a watannin ƙarshe duk abin da ya taso a bar wa wanda zai gaji aikin ya shige gaba. Sai ga surukinki ya tuɓe kwat ya zauna. Inna, ranar na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba. Na ce tulun uwata da ɗakin sujadarmu za ka danƙa wa mutumin da ko akuya ba ta jin tsawarsa? Ya ce in bai danƙa yau ba, wa zai danƙa wa in mun hau mota?

Zakaria ya zo ya zauna ya ji komai, kansa a ƙasa. Abin da ya ce kawai, "Maame, ka yi haƙuri, zan je." Wata matsalar kuma, a al'adarsu mai ba da haƙuri da kwalbar giya yake zuwa gaban dattawa, mu kuwa ba za mu ɗauka ba. Ban san yadda zai yi ba, shi ma ban ga alamar ya sani ba.

Ki yafe mini, ki kuma sa matan zumunta su tsaya mana da addu'a. In muka rasa ɗakin nan, mutanen da muka tara za su watse kafin mu iso gida.

Taki cikin damuwa,
Rifkatu.

Maamobi, Akra,
Watan Yuni.

Innata abar ƙaunata,

Salama da alherin Ubangiji su kasance tare da ke. Ya ƙarfin jiki, ya ruwa, an gama shuka? Saƙonki ya iso ta bakin Garuba, cewa kun yi azumi dominmu. Na gode, Inna, na gode. Ki ce wa mata su saki guɗa.

Ashe Zakaria bai fara da zuwa wurin dattawan Ga ba. Ƙofar Hajiya ya fara zuwa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce ita aka fara ɓata wa. Ta bar shi a durƙushe har ta gama lazimi. Sannan ta tambaye shi da wa zai tafi, ya ce shi kaɗai. Ta ce ashe bai san Zongo ba ko da a nan aka yanke masa cibiya. A Zongo baƙo ba ya tsayawa gaban masu ƙasa shi kaɗai, mai gidansa ne ke shige masa gaba. Haka aka yi wa kakanta da ya zo fataucin goro daga Kano. Fushi kam tana yi, in ji ta, amma baƙinta baƙinta ne. Ta yafa mayafi, ta cika kula da wake da shinkafa, ta sa aka sayo goro mai kyau.

Amama ta bi su, ita ta ba ni labari. Zakaria ya yi magana da yaren Ga, da muryar nan tasa, har sai da babban dattijonsu ya tsawata wa samarinsa su yi shiru don ya ji. Ya faɗa musu a fili cewa shi da Hajiya addininsu daban, amma ba mai iya ɗauko kwalba a cikinsu, ga goro ga abinci in za a karɓa. Ya ce kada a ga laifin baƙi, shi ne ɗan gari, shi ya kamata ya faɗa musu cewa a nan duk abin da aka buga ya yi ƙara kiɗa ne. Dattijon ya miƙa hannu ya ɓare goro ya ci. Ya yanke cewa tulu zai zauna a gidansa har a ɗage doka, ba mai taɓa shi, mu kuma mu yi bikinmu ba kiɗa.

Haka aka yi. Ba tulu, ba caki, ba tafi, hannuwanmu a cinya kamar masu jiran likita. Na ɗauka biki ya lalace. Amma da mata suka ɗauki waƙa a hankali, tsigar jikina ta tashi. Surukinki ya ɗora wa Zakaria hannu yana addu'a, ya kasa kaiwa ƙarshe, sai wani dattijo ɗan Nijar ya ƙarasa masa. Zakaria ya yi wa'azi, kuma ran nan har bencin waje an ji shi. Hajiya tana zaune a ƙofarta tana tsintar wake. Da aka tashi ta ce mini, "Maman Alheri, ashe da Hausa kuke waƙan nan? Ni dai dum-dum nake ji." Ta kira Nashiru a gabanmu ta ce maganar mabuɗi ta mutu, daga yau a hannun Zakaria zai zauna. Sai na kama hannunta ina kuka, ta ce in sake ta wakenta zai zube.

Da aka ɗage doka aka dawo da tulu, yana ƙanshin ruwa. Wai matar dattijon ta ga tulu mai kyau yana zaman banza ta riƙa zuba ruwan sha a ciki, har ta aiko tambaya a wane gari ake gina irinsa. Kin ga ashe ba ni kaɗai ke masa kallon ƙanen randa ba. Muka shanya shi, Amama ta kaɗa ranar Lahadi, muryarsa tana nan yadda kika san ta.

Yanzu ga roƙona. Jiya ina ɗaure kaya sai ga Amama da tulun, ta wanke shi ta naɗe da zannuwanta masu kyau saboda hanya. Ta ajiye a ƙofata, ta ce, "Maame, ka gaida Kaka, ka ce mun gode," ta juya da sauri don kada in ga idonta. Inna, na kasa shigar da shi ɗaki. Matan nan ba su da wani, a nan ba a gina irinsa, kuma ita ce ta rungume shi ranar da ni bakina kawai ya yi aiki. Na ce ta mayar da shi ɗakin sujada sai na ji daga mai shi.

Na yi miki alkawari, ban manta ba. In kin ce in dawo da shi, a cinya zan dawo da shi har Ƙafur. Amma kin fi ni sanin yadda Mama Tabita ta hau motar Zariya, da abin da ta bari a hannun wata yarinya da ta koya wa kiɗa. Ki turo amsa ta bakin Garuba kafin mu taso.

Surukinki da Alheri suna gaisuwa. Fasto Zakaria ya ce a gaida Kaka, yana neman albarkarki. Hajiya Memuna ma ta ce a gaida tsohuwa mai tulu. Sai mun iso, in Ubangiji ya yarda.

'Yarki mai godiya,
Rifkatu.