Furen da Baba Ya Ce Kada a Tsinka

Litinin, 3 ga Nuwamba
Itacen Baba ya fitar da kan fure uku. Karon farko. Shekara sha takwas ke nan da ya kawo ƙwayar a aljihu daga tsibirin Filip, ran da suka je ɗiban ƙwan tsuntsu, ina ɗan shekara bakwai. Ya ce duk duniya can kaɗai yake fitowa, can ɗin ma saura kaɗan zomaye su cinye shi. Na kai masa labari asibiti. Ya ce, "To, yau dai sanyin jikin nan naka ya yi rana." Sai tari. Da ya lafa ya ce kada a tsinka, a bar su su yi iri.

Alhamis, 6 ga Nuwamba
Ɗaya ya fara tsagewa. Fari-fari, can ciki ja, kamar furen kuɓewa.

Asabar, 8 ga Nuwamba
Baba ya rasu da hantsi.

Litinin, 10 ga Nuwamba
Da sassafe muka tafi haƙa kabari a bakin teku, ni da mazan unguwa. Mata kuma suka bi gida-gida suna tsinko furen da za a ɗora kan akwatin gawa, yadda ake yi wa kowa a nan. Na san haka. Ban dai tuna ba.
Na dawo, furen itacen Baba duka ukun an yanke. Gwaggo Tilda ce, ƙanwar Baba.
Ta ce, "Nasa ne fa, ɗan nan. Wa ya fi shi cancanta?"
Na ce ba don ado ya shuka ba, iri yake so. Ta yi ta kallon almakashin hannunta.

Talata, 11 ga Nuwamba
An binne shi da su. Guda ya buɗe a kan akwatin. Ya yi kyau, abin haushi.

Jumma'a, 21 ga Nuwamba
Ba na amsa gaisuwar Gwaggo Tilda. Itacen dai ina ba shi ruwa, shi me ya yi.

Laraba, 26 ga Nuwamba
Na dawo daga kamun kifi na same ta durƙushe a gindinsa, da gwiwar nan tata mai ciwo, tana cire ciyawa. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Baɗi ka yi masa shinge ka tare ni, kamar yadda ake tare shanun hanya."
Ban yi dariya ba. Na dai nuna mata inda ba a takawa, saiwar sama-sama take. Na ɗauko mata buhu ta durƙusa a kai. Ƙasar da sanyi, shi ke nan.