Na Rantse Daftarin Babana Ya Ƙone

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kada a zage ni sai an kai ƙarshe, abin da ke cina a rai ma ya ishe ni.

A Makka aka haife ni, yanzu ina unguwar Shisha da 'ya'yana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana riƙe da makarantar kwana a unguwar Hindawiyya, ta 'ya'yan alhazan da suka zauna babu takarda, waɗanda iyayensu suka rasu ko aka kama su aka mayar gida. Uban marayu ake ce masa. Ni da na tashi a gidan na san sauran zancen: duk yaron da ya shigo sai an sauya masa suna, in aka ji Hausa a bakinsa ya sha bulala, wai don kada a gane shi a titi. Amma Baba yana da daftari mai baƙin bango, a ciki yake rubuta sunan yanka na kowa da ajami, da sunan uwarsa da garinsu, ya kuma zana tsagar fuskarsa a gefen shafi. Da zai rasu ni ya damƙa wa, yana nan ƙarƙashin zannuwana a akwati.

Watan jiya sai ga wani dattijo direban tasi daga unguwar Ka'akiyya, zan kira shi Malam Sale. Ya ce, "'Yar Malam, ba ki gane ni ba? A gidanku na girma." Wai su tsofaffin ɗaliban sun haɗa kai, suna so a ɗauki hoton daftarin, kowa ya karɓi shafinsa, a adana tarihin makarantar. Wa ya gaya masa akwai daftari, alhali yayyena maza ma ba su san inda yake ba? Me ya sa sai yanzu? Yana magana idonsa na kan ƙofar ɗakina, ga waya ta leƙo daga aljihun gaba, ni dai ina zargin muryata take ɗauka. Littafin nan fa cike yake da mutanen da har gobe ba su da iƙama, wato takardar izinin zama. In ya faɗa mugun hannu wa zai ɗauki alhakinsu? Ko so suke su tozarta Baba yana kabari?

Na ce, "Ayya Malam, ai ya ƙone tun gobarar tsohon gida." Ya ce, "Wallahi?" Na ce, "Wallahi." Kun ji abin kunyar, a garin nan mai alfarma na rantse a kan ƙarya. Sai ya ce, "Halas, shi ke nan. Ni sunan uwata kawai nake so in riƙa ambata a ɗawafi. Har yau uwar Sale nake cewa, Salen ma ba sunana ba ne, a makarantarku aka sa mini."

Yana fita na buɗe akwatin. Na bi zanen tsaga shafi-shafi har na same shi, uku-uku a kunci, ɗaya a goshi, irin wadda na gani a fuskarsa. Ga sunansa na gaskiya, ga na uwarsa, ga garinsu. A ƙasa kuma, da hannun Baba, an rubuta cewa uwar ta zo nemansa sau biyu, an ce mata ya rasu. Babu dalili, ko kalma ɗaya. Shi kuwa tun yana ƙarami abin da aka gaya masa shi ne ta gudu ta bar shi. Innalillahi! Yanzu Baban ma zarginsa nake yi, na kasa karanta sauran shafukan don tsoron abin da zan gani.

Shekaranjiya ya bugo waya, murya a sanyaye: "'Yar Malam, ki sake dubawa, ko shafi ɗaya ya tsira." Shin ya san ƙarya na yi, gwada ni yake? In na kwafa masa sunan kaɗai zai gane daftarin na nan, gobe sauran su cika mini ƙofa. In na ba shi shafin dungurungum na kashe sunan mahaifina da hannuna. In na yi shiru, bawan Allah nan zai mutu yana zaton uwarsa ta yar da shi, ita kuma ta koma gida tana yi wa rayayye addu'ar mamaci.

Ya ce zai biyo ta gidana bayan sallar Juma'a. Jama'a, me zan yi?