Sun Sallami Baba

Yaya,

Sun sallami Baba da safe. Likita daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, ya jiki?" Ka san halinsa, ko wuƙa ce a wuyansa "da sauƙi" zai ce. Shi ke nan, wai gado ake nema. Ban gama naɗe tabarmata ba suka kwantar da wani.

Baba yana ɗakinka. Ɗinkin cikinsa ya jiƙa bandeji, warin kuma ba na magani ba ne. Na tafi neman motar da za ta mayar da shi asibiti.

In ka riga ni dawowa, kada ka tsaya tambayarsa jiki. Taɓa ƙafafunsa. Da zan fita, sanyin yana idon sawu. Ka duba inda ya kai.

Ƙanwarka