Rawani Ya Shiga Tsakanin Wa da Ƙani

Anti Hadiza, don Allah ki agaza mini da shawara. Na gaji, wallahi na gaji.

Bara hakimin garinsu maigidana ya naɗa shi Barde. Mun yi murna, ni na yi girkin walima har ƙafafuna suka kumbura. Tunda ya yi ritaya yake zaune shiru a gidanmu na Gyadi-Gyadi, na ce to, ga abin ɗebe kewa ya samu. Ashe ni ce zan rasa sukuni. Yara sun daina cewa Baba, sai ranka ya daɗe. Ko masallacin layinmu za shi sai ya naɗa rawani. Rannan mai adaidaita sahu ya ce masa Alhaji kawai, ya fasa hawa. Duk wannan na shanye.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne na Yaya, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Ya zo daga Hotoro ya tarar da shi a zaure da baƙi, ya kira shi da sunan da ya saba tun suna yara, Ɗan'azumi. Maigidana bai miƙe ba, bai amsa ba, wai wannan suna ya tafi ranar naɗi. Yaya ya sa takalminsa ya fita. Yanzu ko a gaisuwar mutuwa suka haɗu, kowa gefensa.

Ga auren 'yarmu Bilkisu bayan Sallah, kuma Yaya ne waliyyi, shi ya aurar da yayyenta duka. Ya aiko cewa tunda an samu Barde, Barde ya ba da 'yarsa. Shi kuma maigidana wai zai wakilta wani abokinsa mai sarauta. Yarinyar nan ta ce in ba Baffanta ba, gara a ɗaga. Na yi wa maigida magana, ya ce wai mu mata ba mu san sarauta ba. Yaya kuwa nauyinsa nake ji. Ina zan sa kaina?

Mai gajiya, Gyadi-Gyadi

Ƴar'uwa, sannu da haƙuri.

Kada ki raina abin da mijinki yake ji. Sarauta ba kayansa ba ce shi kaɗai, amanar garinsu ce. Wanda ya kira shi Barde a cikin jama'a, garin ya girmama. A nan Yaya ya yi sake, domin ko a gidan sarauta manya kan ajiye sunan yanka a gaban baƙi.

Amma laifin mijinki ya fi girma. Asalin Barde jarumi ne mai tarar wuya a madadin jama'a, ba mai jiran a durƙusa masa ba. Kuma rawani bai taɓa mai da ƙani wa ba.

Ki daina tunkararsa ke kaɗai, kin ga ba ya ji. Ki nemi gwaggonsu ko wani dattijon da su biyun ke jin kunya. Shi ne zai sa mijinki ya je Hotoro da hula ba rawani, ba rakiya, ya durƙusa ya gai da wansa ya ba shi haƙuri. Shi kuma Yaya a roƙe shi ya riƙa cewa Barde in da baƙi, a cikin gida ya kira ƙaninsa yadda ya ga dama. Bilkisu ta je gaida Baffanta, amma kada a ɗora mata saƙo. Maganar wakilta aboki kuwa a binne ta tun ba ta isa Hotoro ba.

In kin samu mijinki cikin sanyin rai, ki tuna masa abu ɗaya: gobe ana iya naɗa wani Barden, amma babu hakimin da zai naɗa masa wani wa.

Allah ya daidaita su, ya kai mu bikin Bilkisu lafiya, ke kuma ya ba ki hutu.