Maƙalar da Ta Fi Ƙarfina

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan da yara? Ya ciwon ƙafar? Ki gaishe min da Inna.

Kin ce maigidanki ya nuna miki sunana a waya, wai an kafa hujja da maƙalata sau ɗari tara, har kika bi maƙwabta kina ba da labari, ke da ba ki taɓa karanta layi ɗaya a cikinta ba. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na zauna a ɗakin jira na asibiti, na yi wa majinyata ɗari uku tambayoyi. Na rubuta cewa waɗanda aka faɗa wa gaskiyar cutarsu sun fi shiga damuwa da rashin barci a kan waɗanda aka ɓoye wa. Masana halayyar ɗan Adam suka ɗauka, likitoci ma suka ɗauka. Maƙala arba'in na rubuta bayanta, babu wadda ta kama ƙafarta.

Makon jiya ɗalibata ta nemi tsoffin takardun, na jawo kwalin daga ƙarƙashin tebur muka duba tare. A takarda, lamba ɗaya ita ce ta waɗanda aka faɗa wa, biyu ta waɗanda aka ɓoye wa. Ni kuwa da hannuna na juya su lokacin shigarwa a kwamfuta. Yaya, waɗanda aka faɗa wa gaskiya su ne suka fi samun natsuwa. Tun ranar abinci ba ya min daɗi.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na gode da addu'a. Don Allah kada Inna ta ji.

Na je wurin Farfesa, wanda sunansa ke bayan nawa a maƙalar. Ya rufe ƙofar ofis, ya zuba min shayi, abin da bai taɓa yi ba. Ya tuna min cewa kwamitin ƙarin girma zai zauna wata mai zuwa, kuma adadin ambaton maƙala suke ƙirgawa. Ya lissafo ɗalibai biyar da suka gina digirinsu a kan sakamakona. Ya ce kwali ba ya magana. Gaba kura, baya sayaki: in na yi shiru ana ci gaba da ɓoye wa marasa lafiya da sunana, in na faɗa na rusa yaran da suka yarda da ni.

Kin san taurin kaina, ke kika sha fama da shi. Na tara ɗaliban na faɗa musu, biyu sun daina gaishe ni. Jiya na aika wa mujallar da ta buga maƙalar wasiƙar janye ta. Ina jin tsoro, amma na ɗan samu numfashi.

Taki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da shirun wata bakwai.

Mujallar ta buga janyewar: layi shida, a shafin ƙarshe. Kwamiti ya ajiye fayil ɗina, Farfesa kuma ya koma amsa sallamata da kai. Duk wannan na ɗauka. Abin da na kasa ɗauka shi ne, ambaton ya kai dubu ɗaya da arba'in. Janyewar kuwa mutum uku suka ambace ta, ɗaya ni ce. Kowa daga littafin wani yake kwafa, ba mai komawa tushe. Nakan rubuta wa marubutan ɗaya bayan ɗaya, kafin ɗaya ya amsa wasu goma sun fito. Ashe da gaske magana zarar bunu ce.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Wata biyu ke nan ina jin wani ƙullutu a ƙarƙashin haƙarƙarina. Ranar Litinin na koma asibiti karɓar sakamakon hoton da aka yi min. Likitan mutum ne mai kirki, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya kife shi a kan tebur. Ya ce in turo wani babba daga gida su yi magana. Na ce jikina ne, ni zai faɗa wa. Ya yi murmushi ya ce bincike ya tabbatar sanin yana ƙara wa majinyaci damuwa, haka aka koya musu tun suna makaranta. Na ce ni na rubuta binciken, kuma kuskure ne. Ya duba katina mai sunan mijina, ba sunan da ke kan maƙalar ba, ya ce da ma tsoro yakan sa mutum faɗin abubuwa, ya rubuta min maganin barci.

Mijina ba zai dawo daga tafiya ba sai ƙarshen wata, ni kuma ba zan iya jira ba. Ki zo ranar Alhamis, Yaya. Ki shiga ki ji abin da ke jikina, in kin fito ki dube ni ki faɗa min gaskiya.

Ƙanwarki,
Auta